Dutse Mai Fuska Huɗu

Ni ce Luan Fengzhi, matar marigayi Pang Shouren mai gugar dutsen ƙarau. Shekarata saba'in da uku. Aji biyu na yi a makaranta, sunana kawai nake iya rubutawa, shi ma sai na ciji harshe. Mai rubuta min wannan maƙwabciyata ce, Malama Geng. Ta koyar da yaran ƙauyen nan shekara talatin, yanzu ba ta da aiki sai kiwon agwagi da gyara wa mutane magana. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, ba abin da ya kamata in faɗa ba. Lokacin da uban yara ya kwanta ba wanda ya rubuta komai, da aka binne shi kowa ya zo da nasa labarin. Wannan karon ina so a sami takarda.

Talata, 3 ga watan tara, da yamma

Erya ta dawo daga Suzhou. Sunanta na takarda Yanling, ni Erya nake ce mata, wato ta biyu, don ta farin ba ta zauna ba. Ta wuce arba'in da uku, ba ta kai arba'in da biyar ba.

Ba ta ce tana tafe ba. Jaka ɗaya ta zo da ita, da wani ɗan akwatin katako da ta rungume kamar jinjiri. Na dafa mata taliya, wanda ya sauka daga tafiya taliya ake ba shi. Sau uku ta ɗaga tsinken cin abinci, ta ajiye.

Kafin ta iso mijinta Bi ya kira ni daga hanya, direban babbar mota ne. Ya ce, "Ma, an ba ta gado a asibiti ranar Litinin, ashirin da uku ga wata. Likita ya ce yanzu abin yana wuri ɗaya, in an cire an cire. In ta bari ya wuce, shi ba ya alkawarin komai. Ta ce ba za ta je ba. Ki yi mata magana, ke kaɗai take tsoro."

Na ce ba ta taɓa jin tsorona ba ko tana goye.

Abin yana ƙirjinta, wajen hagu. Sunansa ba sai an rubuta ba.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Jiya ban sa an rubuta komai ba. Aiki ne ya yi yawa.

Yau ta buɗe akwatin. Jan ƙyalle a ciki, duwatsun ƙarau guda biyar, kowanne a raminsa. Tun daga bakin ƙofa na gane su. Mai kama da yankan awara. Mai tsini sama da ƙasa. Manyan biyu masu fuskoki da yawa kamar ƙwallo. Da ɗan mai tsini ɗaya, wanda a rumfar aiki muke ce wa ƙullin shinkafa, don ya yi kama da wadda ake naɗewa a ganyen gora.

Ta jera su a kan tebur tana taɓa su ɗaya ɗaya. "Ma, wannan ƙasa ne. Wannan iska. Wannan ruwa, wannan sama, wannan ɗan kuma wuta."

"Ina itace da ƙarfe? Ni tun ina yarinya biyar ɗin da na sani ƙarfe ne, itace, ruwa, wuta, ƙasa."

"Wannan lissafin mutanen dā ne na ƙasashen yamma."

"Su ba su da itace a can?"

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna min hotonta a waya, tana zaune, launuka sun zagaye ta kamar man fetur a kan ruwa. Ta ce hasken jikinta ke nan, kowa yana da nasa, wani mutum wai shi Jagora Ouyang ne ya ɗauka da na'ura. Wajen hagu akwai tabo toka-toka. Ta ce hasken ne ya karkace, shi ya sa jiki ya bi shi. Su duwatsun nan ba inda suka karkace, kowace fuska daidai da 'yar'uwarta, in aka ɗora su a jiki hasken zai kwaikwaye su ya miƙe. Kwana ashirin da ɗaya, safe da yamma. Sai a sake hoto, tabo ya tafi, ba wuƙa.

Na ƙirga da yatsu. Ranar ashirin da biyar ke nan za ta gama. Gadon ashirin da uku.

Na ce, "Kwana biyu ne tsakani. Ki ce wa Jagoran ya yi miki ragi."

Ta rufe akwati.

Juma'a, 6 ga wata, da rana

Ba ta ci ba. Na share tsakar gida sau biyu. Na je gona na tono gyaɗa gindi ɗaya, saura mako biyu ta nuna.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Tana wanke su da ruwan gishiri ta shanya a rana, wai su sha ƙarfi. Da ta shiga wanka na ɗauki babban na ɗora a harshe. Dutsen gaske sanyinsa yana daɗewa, kwalba nan da nan take ɗaukar ɗumin baki. Na gaske ne. Wannan dai bai cuce ta ba. Amma na ƙasan kwando ne, akwai gajimare a cikinsa, kuma a fuska ta bakwai akwai ƙarce irin wanda faifan guga na maƙwabcinmu Tsoho Dou ke bari. Ko ba nasa ba ne, na wani ne a layinmu. An kai su Suzhou, an sa musu jan ƙyalle, an sayar wa 'yata, ta ɗauko su a jirgi ta dawo da su inda aka haife su.

Malama Geng, rubuta wannan da kyau. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce wani ɗan kasuwa daga kudu ya zo da zane a takarda, ya ce mutanen waje ke so. Uban yara yana yanka, ni ina guga. Mai fuska goma sha biyu shi ne mugun, kowace fuska kusurwa biyar, ɗaya ta kauce duk sun kauce, sai a jefar. Mun yi dubbai. Na tambayi ɗan kasuwar me suke yi da su, ya ce danne takarda suke yi kada iska ta kwashe.

Dubbai suka wuce ta hannun nan. Kalli yatsun. In suna miƙar da abin da ya karkace, me ya sa ba su fara da waɗannan ba?

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Mun yi. Na san za a yi.

Na shiga da kunun masara na same ta a kwance, ido rufe, duwatsu a goshi, a maƙogwaro, a ciki. Na ce, "Ƙurar duwatsun nan ce ta cinye huhun ubanki. Shekara talatin yana shaƙa. Yanzu su ne za su ba ki lafiya?"

Ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Ƙura ta fara, asibiti ta ƙarasa. Wata bakwai da tiyo a hanci. Ni na gani. Ni nake juya shi, ni nake zubar da kwano. Ke me kika gani?"

Na ce, "Kunu zai huce."

"Makon ƙarshe ko sau ɗaya ba ki shiga ɗakin ba."

"Gyaɗa ba ta jira."

"Na sani, Ma. Kin faɗa. Shekara goma sha ɗaya kina faɗa."

Na fita da kunun na zuba wa agwagin Malama Geng. Gyaɗa ba ta jira, ai kowa ya sani. In ruwa ya same ta a ƙasa tsirowa take yi. An yi ruwa a shekarar. A tambayi kowa.

Litinin, 9 ga wata, da hantsi

Na ga Jagoran. A waya yake zuwa, kullum ƙarfe tara. Fararen kaya, gora a bayansa, murya kamar mai lallashin kyanwa. Su kusan talatin ne a ƙananan tagogi, kowa da akwatinsa. Na leƙa ta kafaɗarta.

Ya ce, "Wannan mahaifiyarki ce? Inna, barka da hantsi."

Na ce, "Kai, ka taɓa goga ko ɗaya a cikinsu?"

Ya yi murmushi. "Inna, daga nan ina jin hasken jikinki. Akwai nauyi a kafaɗunki."

"Buhun gyaɗa ne."

Wata mata a ɗaya tagar ta yi dariya, ta rufe baki. Erya ta kife wayar. Yau kwana ɗaya cur ba ta ce min ko Ma ba.

Talata, 10 ga wata, da yamma

Na shiga ɗaukar tsintsiya. Ta ɗage riga, ɗan ƙullin shinkafar yana zaune a kan wurin, daidai kansa, tsini yana kallon sama. Wai shi ne wuta, shi zai ƙone abin.

Ban san me ya sa na ƙirga ba. Gefe uku, da wanda yake zaune a kai.

Na goga dubunsa, ban taɓa kiransa da lamba ba. Ƙullin shinkafa muke cewa. Kuma a cikin dubun nan ba wanda aka ɗora a kan 'yata.

Laraba, 11 ga wata, da safe

Malama Geng ta ajiye alƙalami tana dariya. Ta ce, "Uwar Erya, don huɗu da mutuwa sun yi kama a baki? Ke da kika ce ba ki yarda da komai ba, ko turare ba kya kunna wa kakanni sai an tuna miki?"

Na ce ban yarda ba. Amma me ya sa manyan benaye a birni suke tsallake wannan hawan, daga uku sai biyar? Su ma ba su yi makaranta ba ne? Me ya sa ɗanki ya ƙi lambar waya mai ƙarewa da shi?

Ta ce wannan daban.

Komai nata daban ne. Ki ɗauki alƙalaminki.

Na je gona. Na dawo. Na koma. Ban san abin da na je yi ba.

Alhamis, 12 ga wata, da rana

Na ɗauke shi.

Suna shanye a kan katanga, tana ciki tana waya da Bi. Na sa a aljihu, na je bayan ɗakin girki, na buɗe tulun kabejin da na jiƙa da gishiri, na tura shi can ƙasa har ruwan ya kai min gwiwar hannu. In abu ɗaya ya ɓace aikin ya lalace, in aikin ya lalace sai gado. Haka na lissafa.

Da rana na ci tuwon shinkafa kwano biyu. Rabon da in ci haka tun kafin ta zo.

Juma'a, 13 ga wata, da yamma

Ta birkice gidan. Ta ɗaga katifa, ta tona magudanar ruwa da hannu, ta je ta tsaya a kan agwagin Malama Geng tana kallon wuyansu.

"Ma, ba ki gani ba?"

"Hankaka yana son abu mai ƙyalli."

Ta dube ni. Idon ubanta ne da ita, in yana duba dutse ko akwai tsaga.

Ta rame. Wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Lahadi, 15 ga wata, da hantsi

Jiya ma aiki ya yi yawa.

Garin gyaran gira na tsone ido. Ta gaya wa Jagoran. Ya ce da'irar ta karye, kwanakin da aka yi sun zube, sai an fara daga ɗaya. Kuma ya ce ba hankaka ba ne. Akwai mai duhun haske a gidan, muddin tana kwana kusa da shi ba abin da zai kama. Ta zo wurinsa, yana da gida a kan dutse can kudu, iska mai kyau, za a ba ta sabon akwati, kwana arba'in da tara, ba waya, ba dangi.

Ta bangon katako na ji. Ba laɓe na yi ba, bangon ne siriri.

Arba'in da tara. Malama Geng, ba sai na gaya miki kwanakin me ake ƙirgawa arba'in da tara ba. Na makoki ne, kin zo na uban yara.

Litinin, 16 ga wata, da rana

Ta sayi tikiti. Jibi Laraba.

Bi ya kira yana kuka a gefen titi, ina jin motoci suna wucewa. Na ce masa ya share hanci ya riƙe sitiyari, gawa ɗaya... a'a, goge wannan. Na ce ki goge.

Saura kwana bakwai gadon.

Na buɗe tulun sau biyu. Na rufe.

Talata, 17 ga wata, da yamma

Yau bikin wata. Na yi kifi, na yanka wainar wata gida biyu. Kowa a layin nan 'ya'yansa sun zo, ana ta hayaniya, mu biyu muna zaune kamar masu jiran mota.

Ta tashi ta ɗauko akwatin ta ajiye tsakanin kwanuka. Ta buɗe.

"Ma, na san ke ce. Hannun rigarki warin kabeji yake tun Alhamis."

Na sauke hannun ƙarƙashin tebur.

"Don lambar ne, ko?"

"Ni ban yarda da wannan shirmen ba."

"To. Ƙirga min abin da kika bar min."

Na duba. Awara. Mai tsini biyu. Ƙwallo, ƙwallo.

Malama Geng, shekara talatin ina ƙirga duwatsu a kwali, ban taɓa kuskure ko na ɗaya ba. Biyar a cire ɗaya. Ko ɗan aji ɗaya ya sani. Kwana biyar yarinyar nan tana kwana da su a gefen filo, ni na jawo mata haka da hannuna, ina cin abinci kwano biyu.

Na miƙa hannu. Na ce, "Ba ni ɗaya. Ba ni ɗaya yanzu, su zama uku."

Sai ta fashe da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun tana budurwa. Ta yi har ta dafe wurin, har hawaye, tana cewa, "Wayyo Ma, wai su zama uku." Ni ban ga abin dariya ba. Na fita da sauri na zura hannu a tulu na lalubo shi, na zo na dangwara shi a raminsa yana ɗiga. Biyar.

Ta share ido. Ta ce, "Ashe kina jin tsoro."

"Na ce miki ban yarda ba."

"Ba lambar nake nufi ba."

Kifi ya huce.

"Ma, ba gyaɗa ba ce, ko?"

Abin da na ce mata ba sai an rubuta ba.

To, rubuta. Na ce mata na je. Kullum ina zuwa, motar safe. Ina hawa benen, ina tsayawa a bakin ƙofar. Daga nan ake jin numfashinsa, kamar faifai yana cin dutse ba ruwa. Ni nake zuba wa faifansa ruwa shekara talatin. Shi ya ce ruwa yana rage sauri, mu bari a kan manyan, ni kuma na bari, don a gama kwali da wuri. Sai in tsaya a ƙofar in ji, in sauko, in hau motar rana in koma gona. Kwana bakwai haka.

Ta ce, "Na ga takalminki ta ƙarƙashin ƙofa. Sau biyu. Na zaci za ki turo."

Na ce, "Ci wainarki."

Ta ci. Rabinta da rabin tawa.

Laraba, 18 ga wata, da rana

Jirgin ƙarfe goma ne. Yanzu sha biyu ta wuce. Tana tsakar gida tana ɓare min tafarnuwa. Jakar tana nan a ɗaure bakin ƙofa, ba ta kwance ba. Ban tambaya ba.

Saura kwana biyar.

Alhamis, 19 ga wata, da yamma

Da safe na ce, "Ba ni ɗan nan. Ba sata ba, a gabanki zan yi."

Muka je rumfar Tsoho Dou. Yanzu kowa ruwa yake zubawa, har ƙyalle suke sawa a hanci. Ya gan mu ya kashe inji. "Matar Yaya, yau wace rana? Na zaci kin rantse ba ke ba faifai."

"Matsa. Kuma faifanka har yanzu yana barin ƙarce, na gani a Suzhou."

"Kin je Suzhou?"

"Suzhou ce ta zo."

Na zauna. Shekara goma sha ɗaya, amma hannu ba ya mantuwa. Na kunna injin, na buɗe ruwan sosai. Na kama tsinin na kai bakin faifai.

Erya ta riƙe min hannu. "Jagora ya ce in ya ɓantare ko kaɗan ba ya aiki. Dole fuskokin su zama daidai."

"To ki zaɓa. Ni ba zan ɗora miki shi haka ba."

"Ke za ki ɗora min?"

"Wa zai ɗora? Masu jinyar can ba su san awara daga ƙwallo ba."

Inji yana ta juyi. Tsoho Dou ya fita wai zai duba kare, shi da ba shi da kare.

Ta ce, "In na je, za ki shiga? Ba bakin ƙofa ba. Ciki."

"Zan shiga."

"Gyaɗarki ta nuna. An ce za a yi ruwa mako mai zuwa."

"Ta tsiro."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta saki hannun.

Na ci tsinin kaɗan, kamar ƙwayar gero uku, na canza faifai na goge har ya yi ƙyalli. Ɗan fili ya fito a sama mai kusurwa uku. Na miƙa mata. Na ce, "Ƙirga."

Ta juya shi a tafin hannu. "Biyar."

"Kuma ya daina sokar ki. Na ga jan da yake bari a fata."

A hanya ta ce yanzu shi ba wuta ba ne, ba ta san ko mene ne ba. Na ce itace ne, da ma babu shi a akwatin.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe tara

Wayar ta yi ta ƙara a kan tebur. Tana wanke gashi.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi

Ta ce da safe ba za ta iya ba. Da hantsi ta ce za ta iya. Ta kira asibiti da kanta, gadon yana nan. Ta tambayi lambar ɗakin, ta dube ni, ta ce, "Goma sha shida." Ban tambaye ta ba. Ban san ko gaskiya ta faɗa ba.

Har yanzu tana kwanciya da duwatsun safe da yamma. Ni na jera mata yau. Ba sa yin komai. Amma in suna kanta tana yin shiru, numfashinta ya daidaita, ni ma in sami wurin zama a bakin gado ba sai na nemi abin cewa ba.

Na kwaɓa fulawa. Mai tafiya ƙullin fulawa mai nama a ciki ake ba shi.

Lahadi, 22 ga wata, da sassafe

Ta ci ƙullin naman guda goma sha biyu. Bi zai tare mu a tasha can. Ban taɓa hawa jirgin nan mai gudu ba. Akwatin yana jakata, ba tata ba.

Malama Geng, littafin zai zauna a wurinki. Kar ki gyara komai, kar ki ba matar Dou ta karanta. Ga abin da za ki bi min.

Gyaɗa. Ina bin Tsoho Dou yini uku, na dashen shinkafar da na yi masa bara da matarsa ta karye. Ya tone min kadadar gabas. Gidan Miao ina bin su yini biyu, su yi ta bakin rafi. Abin da ya rage, in ruwa ya riga su, ya riga su. Kar wanda ya kira ni a kai.

Shi Dou yana bina aron faifai. Ki ce masa ya ɗauki tsohon injin uban yara da ke rumfar baya, ni ba zan ƙara taɓa shi ba. Ya gyara bututun ruwan kafin ya kunna.

Ke kina bina ƙwai shida da na ara, da alƙalami ɗaya da na karya ranar Litinin. Ni kuma ina bin ki babbar tukunyata tun bikin ɗanki, kada ki ce kin manta. Kabejin tulu ki ɗiba, amma ki zubar da na sama, hannu ya shiga sau da yawa.

Uban yara yana bina kwana bakwai. Shi ba a iya biyansa. Zan biya wa 'yarsa, in likita ya ce wata bakwai ne, wata bakwai.

Erya tana bina taliya. Akwai rabin buhun fulawa a kan kanta, ki ɗaure bakinsa saboda ɓera. Ranar da na kira ki na ce mun taso, ki ɗora ruwa.

Kwano biyu.